Wane moto ya dace da injin iska na gida: altaneta, fankar sama, ko tayar lantarki?

Yawancin injinan iskar da ake haɗawa a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa suna juyawa tsaf, amma batirin da ke ƙasa bai san ana yi ba. Laifin ba na mai walda ba ne, kuma sau da yawa ba na farfela ba ne. Moton da aka ɗaura ne ba ya haɗa bolt 13 sai ya yi juyi dubu ɗaya ko dubu uku a minti, alhali iskarmu ba ta kai farfelar ko kusa da haka. Don haka kafin a je kasuwar Kofar Ruwa ta Kano ko wurin 'yan gwangwan a fara ciniki, sai a san saurin da farfela za ta yi, a kuma auna kowane moto da wannan saurin. Wat ɗin da aka buga a jikin kwalinsa ba shi ne ma'auni ba.

Lissafin juyin ba wuya. Farfela mai fiffike uku da aka sassaƙa da kyau daga katako, bakinta yana gudu kamar ninki shida na saurin iska. Ta fayif ɗin roba ninki huɗu zuwa biyar. Idan faɗinta daga baki zuwa baki mita 2 ne, iska kuma tana tafiyar mita 4 a daƙiƙa, za ta yi juyi kusan 230 a minti. A iskar mita 3, juyi 170. A iskar mita 8, wadda ke karkaɗa manyan rassan darbejiya, juyi 460. Ƙaramar farfela ta fi sauri: mai mita 1.2 ta fayif tana kai juyi 320 a iskar mita 4. Ke nan duk moton da bai fara cajin batir ba tsakanin juyi 200 da 300, zai kwana ya wuni yana jiran guguwa.

Ƙarfin da ke cikin iskar ma a san shi, don kada a sa rai da abin da babu. Da zafinmu da tudunmu, iskar da ta cika faɗin mita ɗaya ta kowane ɓangare nauyinta kusan kilo 1.1 ne. Farfelar mita 2 a iskar mita 4 tana tarar wat 110, abin da zai isa batir bayan asarar fiffike da moto da waya kuwa bai fi wat 30 ba. A iskar mita 6 ya kai wat 100 da ɗoriya, a mita 8 ya kai 240. In saurin iska ya ninka biyu, ƙarfi ninki takwas yake yi. Shi ya sa injinan da aka kafa a Lambar Rimi ta jihar Katsina, guda 37 masu kilowat 275 kowanne, aka ɗora su a kan turaku masu tsayin mita 55. Mu da ke aiki da fayif ɗin ruwa na mita 9 zuwa 12, iskar da muke samu ta fi tasu rauni nesa ba kusa ba, kuma wat 40 da moto zai ɓarnatar a banza na iya zama duk abin da aka samu a ranar.

Gwajin da za a yi tun a kasuwa

A tafi da mitar gwaji. A fara haɗa wayoyin moton da juna, a juya shaf da hannu. In ya yi nauyi kamar an taka birki, akwai maganaɗisu a ciki kuma naɗin lafiya yake. In ya juya sakayau kamar yadda yake kafin a haɗa, babu maganaɗisu, ko kwayil ya katse. Daga nan a raba wayoyin, a sa mita, a riƙa juyawa sau ɗaya a kowace daƙiƙa, wato juyi 60 a minti. Don batir mai bolt 12 ana son a ga bolt 3 zuwa 4 na DC. In moto mai waya uku ne, a auna AC tsakanin waya biyu, a ninka da 1.35, a cire bolt ɗaya da rabi da dayod, masu barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai, za su ci. A auna duka ɓangarori ukun. In ɗaya ya bambanta sosai da sauran, a ajiye shi a nemi wani. Mai kaya zai ce sabo ne fil daga Kwatano, mita ce za ta raba gardama.

Altanetar mota

Ita kowa ke fara tunawa, don tana ko'ina, tana da arha, an kuma san tana cajin batir. Ita ce kuma ta fi cin kuɗin mutane a banza. Babu maganaɗisu na dindindin a cikinta. Rotarta, wato ɓangaren da ke juyawa, kwayil ce da sai an ba ta wuta, amfiya 3 zuwa 4 daga batir, wato wat 40 zuwa 50, kafin ta zama maganaɗisu. A mota wannan ba komai ba ne. A kan turken da iska ke kawo wat 30, ta zama ɗan ƙodagon da tuwonsa ya fi aikinsa. In aka bar kwayil ɗin a kunne dare da rana iska ba ta tashi ba, amfiya 3 a awa 24 ya kwashe 72 daga batir mai 100, kwana biyu batirin ya kwanta.

Sannan ba ta fara caji sai ta wuce juyi 1,000. Daga 230 zuwa 1,100 ana bukatar fuli ko sarƙa mai ninki biyar. Fambel yana cin ƙarfi, yana kuma hana farfela tashi a iska mai laushi. Sarƙar keke ta fi shi sauƙin ja, amma ƙurar hunturu tana haɗuwa da giris ta cinye haƙoran giya, ga yawan zamewa in iska ta yi fizga. Wasu suna cire kwayil ɗin rota su dasa maganaɗisu, su kai wa mai naɗin kwayil ya sake naɗa sitato, wato ɓangaren da ba ya juyawa, da siririyar waya mai ninki uku ko huɗu na zagayen asali. Wannan yana saukar da juyin farawa zuwa ɗari uku ko huɗu, amma siririyar waya tana da turjiya mai yawa, sai wutar ta ragu, kwayil ya yi ta zafi. Kuɗin maganaɗisu da na naɗi in an haɗa ya sayi abin da ya fi ta. Abu ɗaya da ya cancanci a cire daga matacciyar altaneta shi ne farantin dayod ɗinta, za mu dawo kansa.

Kan ƙaramin janareta na Tiger ya fi ta muni: sai a juyi 3,000 yake ba da wuta, boris ɗaya gare shi, ɗaya gefen a jikin injin fetur yake rataye. Moton injin niƙa ko na famfo mai juyi 1,450 shi ma haka. Ana iya sa masa kafasito ya haifi wuta, amma sai ya wuce juyi 1,500 ya kuma tsaya a nan, iska kuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya, da ta sassauta wutar ta ɗauke. Moton waifa yana da giyar da ba ta juyuwa ta baya. Na fankar lagireto da kwayil ɗin babur suna da maganaɗisu, amma an yi su ne don juyi dubbai. Duk waɗannan a wuce su.

Fankar sama

Nan akwai abin dubawa, don kusan kowane gari akwai mai gyaran fanka da tarin matattu a shagonsa, boris ɗinta biyu ne masu kyau, kuma tun asali mai tafiyar hankali ce. Ita ma babu maganaɗisu. Ana cire zoben ƙarfen da ke zagaye da kwayil, a manna maganaɗisu masu ƙarfi na niyodimiyam a cikin murfin, adadinsu daidai da adadin kwayil na layi ɗaya, yawanci 14 ko 16, ɗaya fuskar arewa na biye fuskar kudu, da tazara iri ɗaya. Ratar da ke tsakaninsu da sitato kada ta wuce milimita 1 zuwa 2.

Bayan wannan aikin mita za ta nuna bolt 100 ko fiye da ɗan juyi kaɗan, a nan ne mutane ke ruɗuwa. Wayar naɗin siririya ce ƙwarai, an yi ta ne don kusan amfiya 0.3 a bolt 230, turjiyarta om ɗari biyu ko sama. In aka bi da ita ta dayod kai tsaye zuwa batir mai bolt 12, abin da zai shiga bai fi wat 4 daga kowane naɗi ba, sauran ya tafi a zafi. Dabarar ita ce a sa taransifoma mai saukar da 220 zuwa 12 ko 15, irin ta tsohuwar rediyo ko sitabilaiza, a kan kowane naɗi daban, sannan rektifaya, wato haɗin dayod mai mai da AC zuwa DC. Fanka mai kwayil 16 a juyi 300 tana ba da wuta mai bugu 40 a daƙiƙa, kusa da 50 ɗin da taransifoma ta saba, don haka tana aiki. Naɗin ciki da na waje kada a haɗa su ta gefen AC, ba sa tashi lokaci ɗaya. Kowanne da rektifayarsa, a gamu a gefen DC. Da haka za a iya samun wat 15 zuwa 30 a iska mai kyau. Ya isa fitila uku da cajin waya. Wanda yake son koyo, ko malamin da ke son nuna wa ɗalibai, fankar sama ta yi. Wanda ke son ya kunna talabijin da fanka a ɗaki, ba ita ba ce. Fikafikanta na asali kuma a cire su, an lanƙwasa su ne don tura iska, kuma suna tsagewa a gindin noti.

Moton DC mai kabon

Mafi amfani a wannan jinsin shi ne na injin motsa jiki da ake gudu a kansa a tsaye, wanda ke shigowa cikin kayan kwantena. Waya biyu ne, ja da baƙa, wutar DC yake bayarwa kai tsaye. A raba bolt ɗin da ke jikin kwali da juyinsa. Mai bolt 180 da juyi 4,000 yana ba da 0.045 a kowane juyi, in an mai da shi janareta a ɗauki kashi 80 cikin ɗari na wannan, sai ya fara caji a wajen juyi 380. Farfelar mita 1.2 ce abokiyar tafiyarsa, kuma sai iska ta kusa mita 5 a daƙiƙa. A iskar mita 6 a sa ran wat 30 zuwa 40. Duk wanda lissafinsa ya gaza 0.035, kamar moton ƙaramin babur na yara mai bolt 24 da juyi 2,650, ba shi da amfani sai da giya.

Haɗinsa ne mafi sauƙi, amma dole a sa dayod ɗaya babba, ta amfiya 30 ko 40, a kan wayar fositib, bakinta mai zobe yana kallon batir. In babu ita, da iska ta kwanta batir zai mai da shi moto, farfela ta yi ta juyi da daddare tana shanye cajin. A kula da wani abu: ƙaton fulin ƙarfen da ke gabansa yawanci da zaren hagu aka ɗaura shi, in farfela tana juyawa ta ɓangaren da zai kwance shi, wata rana za a tsince ta a gonar maƙwabci. Rauninsa kabon ne. Jikinsa a buɗe yake, ƙura na shiga, kabon na cinyewa, damina kuma ruwa ya sa maganaɗisun su yi tsatsa su ɓalle. A sa shi cikin guntun fayif ɗin roba mai inci 4 ko 6, a bar ƙofar iska ta ƙasa, a duba kabon kafin hunturu da bayansa.

Tayar lantarki

A ganinmu wannan ce ta fi dacewa da iskarmu cikin duk abin da ake samu a kwance. Iri biyu ne. Na farko ƙaramar tayar abin hawan nan na yara mai taya biyu da ake tsayawa a kai, mai inci shida da rabi, bolt 36, wat 250 zuwa 350. Batirinsa ke fara mutuwa, tayoyin kuwa lafiya lau, kuma kowane ɗaya akwai biyu. A ciki akwai maganaɗisu 30 da kwayil 27, babu kabon, a rufe take ruf, ƙura ba ta samun hanya. Tana ba da bolt ɗaya a kowane juyi 15 zuwa 16, wato ta fara cajin batir mai bolt 12 a wajen juyi 230. Da farfelar katako mai mita 1.5 ko 1.6, wannan ya faɗo wajen iskar mita 3. Za ta riƙe wat 100 zuwa 150 ba tare da ta ƙone ba. Manyan wayoyi uku su ne na wuta. Ƙananan biyar na na'urar gane juyi ne, a naɗe su a manta da su. A yanke robar tayar, a huda murfin gefen da ba shaf, a ɗaura faranti mai kaurin milimita 4 ko 5 da zai riƙe fikafikai. Notin kada ya zarce ciki ya taɓa kwayil, a auna tsawonsa tun murfin yana hannu. Shaf ɗin gefe ɗaya yake riƙe, don haka kada a ɗora mata farfelar da ta wuce mita 1.8, a kuma daidaita nauyin fikafikan sosai, in ba haka ba boris zai tafi cikin 'yan watanni.

Na biyu babbar tayar keken lantarki mai bolt 48. A tabbatar marar giya ce: mai giya ƙarama ce, tana juyawa sakayau ta gefe ɗaya, ba ta da amfani a nan. Marar giya faffaɗa ce mai nauyi, tana ba da bolt ɗaya a juyi 8 zuwa 10. A batir mai bolt 24 za ta fara caji wajen juyi 240, ta dace da farfelar mita 1.8 zuwa 2. A bolt 12 tana farawa tun juyi 130, wanda ya yi wuri.

Fara caji da wuri kamar riba ne, amma ga abin da ke faruwa. Da moto ya kai bolt ɗin batir, batirin yana riƙe shi kusa da wannan juyin. Tayar lantarki turjiyarta ƙasa da rabin om ce, riƙon yana da tsanani. Iska ta ƙaru zuwa mita 7, farfela tana son juyi 450, moto ya danne ta a 280, sai fiffike ya daina yanka iska, ya koma yana jan jiki, wutar ta tsaya a amfiya biyu ko uku duk da ana jin iska tana kaɗawa. Alamarsa ke nan: iska da ƙarfi, farfela a sanyaye. Maganinsa a ƙara turjiya kaɗan a layi, kamar om 0.3 zuwa 0.5, wanda sau da yawa tsawon waya daga turke zuwa ɗaki ya wadatar, ko a koma batir mai bolt 24, ko a ƙara faɗin farfela in shaf zai ɗauka.

Moton injin wanki marar bel

Irin na LG da ke manne a bayan ganga kai tsaye: faffaɗan zobe mai kwayil 36, da murfi mai maganaɗisu. Ya fi tayar yara ƙarfi, yana iya ba da wat 300 da farfelar mita 2 zuwa 2.4 a iska mai kyau, amma sai an yi masa tiyata. Yadda ya zo, kowane layi kwayil 12 ne a jere ɗaya bayan ɗaya, tun a 'yan ɗaruruwan juyi yake haura bolt 100, wutar da ke iya kisa. Ana yanka kowane layi gida-gida a haɗa gidajen kafaɗa da kafaɗa. A ce an auna, an lissafa, an samu bolt 30 na DC a juyi 60. In aka raba gida huɗu masu kwayil uku-uku, bolt ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, amfiya ta ninka huɗu, zai fara cajin bolt 24 a wajen juyi 210. Gida shida masu kwayil bibbiyu kuma na bolt 12 ne, farawa wajen juyi 170. Duk farkon gidaje na layi ɗaya su haɗu wuri ɗaya, duk ƙarshensu su tafi mahaɗar tsakiya. In aka juya gida ɗaya, zai riƙa faɗa da 'yan uwansa, moto ya yi nauyi ya yi zafi ko ba a haɗa komai ba. A kankare wayar a gani: da yawansu alminiyam ne da aka shafa wa launin jan ƙarfe, dalma ba ta kama shi, sai da matsi na noti. A sayo shi tare da shaf da gidan boris na gangar, don ƙera sabo aiki ne. Yana da ɗan ƙugi lokacin tashi, saboda maganaɗisu na kama haƙoran ƙarfe, don haka fikafikan su zama masu faɗi a gindi.

Wanda ke da mai walda na kirki da kuɗin maganaɗisu 24 yana iya naɗa nasa janaretan, irin tsarin da Hugh Piggott na Sikotlan ya yaɗa: faranti biyu masu maganaɗisu 12 kowanne, kwayil 9 a tsakiya cikin gam, a kan hob ɗin tayar mota. Ba ya ƙugi ko kaɗan, ya fi duka tashi a iska mai laushi, ya kuma fi duka tsada. In ba wannan ba, ga yadda muke jera su: tayar yara ga mai son fitila, caji da ƙaramar fanka, moton injin wanki ko tayar keke ga mai shago ko gidan da ke da batir biyu, moton kabon in shi ya samu kuma wurin fili ne mai iska, irin fegin Maigatari ko Babura, fankar sama don koyo. A kuma tuna farantin sola mai wat 100 yana ba da kusan wat-awa 400 a yini a ƙasarmu ba tare da boris ko farfela ba. Injin iska abokin sola ne, amfaninsa ya fi fitowa da dare da kuma cikin hunturu, lokacin da hazo ya rufe rana iskar arewa maso gabas kuma tana ta kaɗawa.

Haɗa wayoyi

Duk mai waya uku sai da dayod shida. Farantin dayod na altaneta ya yi, ko rektifaya uku masu ƙafa huɗu irin KBPC5010: kowace waya ta shiga ƙafafun AC biyu na rektifaya ɗaya, a haɗa duk fositib wuri ɗaya, duk negatib wuri ɗaya. A ɗaure su a kan farantin alminiyam mai faɗin tafin hannu biyu, don a amfiya 10 suna fitar da zafin wat 14, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Rektifayar a ƙasa za a sa ta, kusa da batir, a sauko da wayoyi ukun daga sama. Haka gyara ba sai an kwantar da turke ba.

In moton ya fito da bakin waya shida, akwai zaɓi. Haɗin sita, inda ƙarshe uku suka haɗu wuri ɗaya, yana ba da bolt ninki 1.73 na haɗin dalta, inda ƙarshen kowane naɗi yake haɗuwa da farkon na biye, don haka ya fi fara caji da wuri. Dalta ta fi amfiya a iska mai ƙarfi. Da irin iskarmu a fara da sita, sai in an ga alamar dannewar nan da aka ambata.

Kaurin waya yana da lissafi. Jan ƙarfe mai milimita 2.5 yana da turjiyar om 0.007 a kowace mita. Nisan mita 20, zuwa da dawowa 40, ya zama om 0.28, a amfiya 10 an yi asarar bolt 2.8, wat 28 ke nan. Mai milimita 6 asararta bolt 1.2 ce. A tsarin bolt 24 amfiya rabi ce, asarar kuma kashi ɗaya cikin huɗu, wannan ne babban dalilin zaɓar 24 in turke ya yi nisa da ɗaki. A kankare bakin waya a kasuwa, in cikinta fari ne alminiyam ce, turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi. Fis ya zauna kusa da kan batir, tsakanin taƙi ɗaya, kuma ya fi ƙarfin duk abin da injin zai iya kawowa: amfiya 30 ga injin wat 200 a bolt 12. Ƙaramin fis da zai tsinke tsakiyar iska ya bar farfela ba kaya.

Barin farfela ba kaya shi ne abin da ya fi kashe injinan nan. Kwantirolar sola, in batir ya cika, yanke layi take yi. Farantin sola bai damu ba. Injin iska kuwa in aka yanke masa layi, juyinsa yana ninkuwa, bolt ya haura ya fasa dayod da kwantirolar, fiffike ya tsinke ya tashi. Batirin litiyam ma haka, allon kariyarsa yana yanke caji ba sallama. Ƙa'idar ita ce injin ya zauna a haɗe da batir koyaushe, rarar wuta kuma a karkatar da ita wani wuri ta ƙone. Kwantirola irin Morningstar TriStar da Xantrex C40 suna da wannan saitin. Mai arha shi ne ɗan allon rile, wato makunni mai aiki da wuta, mai auna bolt, a saita ya kunna a 14.4 ya kashe a 13.4, ya ja babban rile na amfiya 40. Solanoyid ɗin kik ba ya jure daɗewa a kunne, kada a sa shi.

Abin ƙona rarar kuma, hitar ruwa ta wat 1,000 yadda take ba ta yi, don turjiyarta om 53 ce, a bolt 14 wat 4 kawai za ta ci. Amma in aka samu naɗaɗɗiyar wayar risho na lantarki mai wat 1,000, aka yanka ta gida goma daidai, aka jera su kafaɗa da kafaɗa tsakanin ƙarafa biyu, turjiya ta koma om 0.53, ta ci amfiya 27, kusan wat 390, kowane yanki kuma yana ɗauke da ƙasa da abin da aka yi shi dominsa. Dalma ba ta kama wannan wayar, da noti da washa ake matse ta. A ɗora a kan bulo, nesa da zana da kara. Ƙwan fitilar mota mai wat 55 guda biyar ma suna yi, sai dai suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba a lura ba.

Birki makunni ne mai ƙarfi da ke haɗa wayoyi ukun da juna, kafin rektifaya. A moton kabon, tsakanin moto da dayod. In aka kuskura aka sa shi ta gefen batir, batirin aka yi wa gajeren haɗi. Birkin yana kama farfela ne in an ja shi da wuri. Hadarin farkon damina, a Mayu da Yuni, yana turo iska daga gabas kafin ruwa, kuma in ta riga ta iso, ƙaramin moto ba zai iya tsayar da farfela ba, kwayil ne zai gasu, maganaɗisun niyodimiyam kuma suna rasa ƙarfi in sun wuce digiri 80. Da an ga gabas ta haɗe a ja birki. Don ranar da ba kowa a gida, a yi wutsiya mai naɗewa: a kauce da shaf daga tsakiyar turke kamar santimita 8 ga farfelar mita 1.6, santimita 12 ga ta 2.4, a rataya wutsiyar a kan maɗaurin da ya karkata digiri 20 daga tsaye. Iska in ta yi yawa sai ta ture farfelar gefe, in ta lafa nauyin wutsiya ya dawo da ita. In tana naɗewa da wuri a ƙara wa wutsiya nauyi, in ba ta naɗewa a rage.

Wayar da ke saukowa ba ta bukatar zoben kabon a wuyan injin, ƙura tana kashe shi. A zura kebul mai laushi ta cikin fayif, a ɗaure shi a sama yadda nauyinsa ba zai rataya a kan mahaɗa ba, a bar shi yana lilo, a sa fulogi a gindin turke. Duk mako biyu ko uku a ja birki ta gefen injin, a zare fulogin, a warware murɗewar. Turken kansa fayif ne mai inci 2 ko 2 da rabi, da wayoyin ɗauri huɗu a kowane mita 4 zuwa 5, na sama a ƙasa da bakin fiffike. Kada a kafa shi a kan soro ko katangar ƙasa, girgiza tana tsaga gini. Ya zarce duk bishiyar da ke kusa da shi, musamman ta gabas da arewa. A gindinsa a kafa sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe ta mita 1.5 ko fiye, a haɗa ta da fayif da waya mai milimita 16, saboda a fili irin namu turken mita 12 shi ne abu mafi tsayi da tsawa za ta samu, kuma in ana tsawa a zare wayar da ta shiga ɗaki bayan an ja birki.